"Sannu sannu kwana nesa": ko ta hau kan tauraron Epsilon Eridani?

Malamar Kimiyya: Salamu alaikum. Ina so in yi wa ɗalibaina bayanin taurarin nan masu launin ruwan goro, waɗanda ba su kai rana girma da zafi ba. Misalina Epsilon Eridani ne, wanda haskensa ke shekara 10 da rabi kafin ya iso mana. Haskensa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na hasken rana ba, don a hankali yake cin makamashinsa. Ranarmu za ta yi kamar shekara biliyan 10, irinsa kuwa suna ninka haka. Na ce "sannu sannu kwana nesa". Ta dace?

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam, Malama. A wajenmu wannan maganar matafiyi ake yi wa. Mai wutar ciki ya gaji tun kafin la'asar, mai bi a hankali ya kwana a gari mai nisa. Nisan tafiya ake nufi, ba tsawon rai ba.

'Yar Damagaram: Baba, ai mu har mai kashe kuɗi ba lissafi mukan faɗa masa ita. Duk abin da ake ci da kaɗan-kaɗan don ya kai mutum gaba ya shiga ciki. Guzuri ne, na tauraro kuwa iskar haidurojin ce, wadda ita ce makamashinsa.

Ɗan Birni: Ni inda na tsaya daban ne. Karin maganar haƙuri take yabo, mutum ya ga hanya ya danne zuciyarsa. Tauraro bai zaɓi komai ba, ƙarancin nauyinsa ne ya sa cikinsa bai yi zafin da zai cinye makamashi da sauri ba. Kuma Epsilon Eridani yaro ne, bai cika shekara biliyan 1 ba, yana ta feso iska mai ƙarfi fiye da rana. Ina natsuwar take?

Malamar Kimiyya: Wannan gaskiya ne, ƙanena. Duniyar da aka sanar a kusa da shi a 2000 ma dunƙulen iskar gas ce irin Mushtari, tana zagaye shi cikin kimanin shekara 7. Ba wurin zama ba ce. Abin da ya dame ni shi ne lokaci: tauraron da zai daɗe haka yana ba wa rayuwa damar tsirowa a wata duniyar tasa, idan akwai ta. Tun 1960 masanin taurari Frank Drake ya juya na'urar sauraron rediyo wajensa yana neman saƙo daga halittu masu hankali.

Tsohon Direba: To ki faɗa wa yaran asalin karin maganar na tafiya tukuna, sannan ki ɗora ta a kan jinsin taurarin gaba ɗaya. Wannan yaron dai a bar shi ya girma.