Tafiyar minti 30 kullum ta isa maganin ciwon damuwa?

Mai horar da motsa jiki: Ina nan a kan bakana. Mai damuwa ya riƙe tafiyar sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, ba sai ya kai ga shan ƙwayar magani ba. Minti 150 ke nan, mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2020, ta shawarci manya su yi a mako. Ma'aunin saurin shi ne ka iya magana amma waƙa ta gagare ka. In da safe ne, riba biyu: hasken rana na daidaita lokacin barci.

Likita: Malam, wannan adadin don lafiya gaba ɗaya aka sa shi, ba takardar maganin damuwa ba ce. Ɓacin rai na 'yan kwanaki, tafiya na iya masa. Amma in an kai mako biyu kusan kullum zuciya a ƙuntace, abin da ke faranta rai ya daina, barci da cin abinci sun rikice, sai an duba mutum.

Ma'aikaciyar jinya: Kuma ciwon da kansa yake kashe jiki. Wanda wanka ma ke yi wa wuya, ka ɗora masa minti 30? Kwana uku zai gaza, ya koma zargin kansa. A fara da minti 5 zuwa 10, a lokaci ɗaya kullum, da abokin tafiya, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako. Kada a jira sha'awa, bayan an fara take zuwa.

Mai horar da motsa jiki: Na karɓi gyaranki, Malama. Amma Likita, ai ƙwayar ma ba sha yanzu magani yanzu ba ce.

Likita: Haka ne, takan ɗauki mako biyu zuwa shida, shi ya sa muke son a haɗa da tafiyar. Inda ake ɓaro aiki shi ne mutum ya ji sauƙi, ya ce tafiya ce ta warkar da shi, ya watsar da magani rana ɗaya. Sai jiri da rashin barci, ciwon kuma ya dawo. Akan ci gaba aƙalla wata shida bayan samun sauƙi, sannan likita ya rage a hankali. Wanda tunanin kashe kansa ya zo wa kuwa, asibiti a ranar.

Masanin halayyar ɗan Adam: Kada dai ku danne Malam. A damuwa mara tsanani, motsa jiki da zaman tattaunawa da ƙwararre ake fara gwadawa kafin ƙwaya. Gardamata da shi ɗaya ce: wa zai tantance cewa mara tsanani ce? Ba mai ciwon ba dai.