Zazzaɓi da kuraje duk hunturu, gwajin maleriya kuma ba komai

Maman 'yan biyu, Mabera:
Assalamu alaikum. Ɗiyata shekararta 6. Da hunturu ya kama, in ta fita makarantar allo da sassafe, kafin hantsi cinyoyinta da hannuwa sun tashi tudu-tudu kamar borin jini. Ba ta sosawa, cewa take zafi suke yi. Sai zazzaɓi, ido ya yi ja, gwiwa na ciwo. Washegari ta tashi garau. Gwajin maleriya ba komai, jininta AA ne, Piriton bai taɓa yi mata aiki ba. Babanta ma haka yake tun yana yaro. Don Allah mi ke damunta?

Baba na Gawon Nama:
Wa alaikumus salam. Hajiya, sanyi ne. Rigar sanyi da wankan ruwan ɗumi. Allah ya ba ta lafiya.

Nas, ɗakin yara:
Baba, sanyin ne ke tayar da shi, amma borin jini na yau da kullum ƙaiƙayi gare shi, yana jin Piriton, kuma ba kasafai yake zuwa da zazzaɓi ba. Hajiya, abin da kika faɗi ya tuna mini da wani ciwon gado da ba a cika gani ba, CAPS. Garkuwar jiki ce ke kunna kumburi da kanta ba tare da wata ƙwayar cuta ba, saboda canji a ƙwayar gado mai suna NLRP3. Daga uwa ko uba ɗaya ake iya ɗaukarsa, shi ya sa maganar babanta ta tsaya mini a rai.

Daga nan ba zan ce shi ne ba. Ki kai ta UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, wajen likitan yara, ki nemi a haɗa ku da likitan fata. Tunda kurajen kan ɓace kafin a kai layi, ki ɗauki hotonsu a waya cikin hasken rana, ki rubuta ranar da awa nawa suka yi. Likitocin kan auna kumburi a jini, wani lokaci su ɗan yanki fata su duba. Kada a yi sakaci, domin wani nau'insa yana rage ji, yana kuma taɓa ƙoda a hankali. Akwai allurai irin su anakinra da ke kwantar da shi, sai dai suna da tsada, samunsu ma wahala ne. Kada a ɗura mata maganin maleriya in gwaji bai nuna ba, don Allah.

Maman 'yan biyu, Mabera:
Na gode, 'yar'uwa, Allah ya saka da alheri. Gabana ya faɗi, don babanta sai an ɗaga murya yake ji, muna cewa ƙarar injin niƙa ce. Ranar Litinin in sha Allahu su biyun zan kai.