Wace na'urar intanet za a saya wa gida?

Jiya da daddare a majalisarmu ta Ƙofar Kaura an daɗe ana muhawara kan na'urar intanet ta gida. Ga abin da na tsinta.

Modem mai bin wayar talabijin ta kebul, irin na Amurka, ba namu ba ne. Tamu rauta ce mai cin sim, wato na'urar da ke rarraba intanet ta Wi-Fi a cikin gida. Kafin ka fitar da kuɗi, gwada layin MTN, Airtel da Glo a wayarka, cikin ɗakin da za a ajiye ta, da rana da kuma bayan isha'i lokacin da layi ke cika. A nemi wadda ba a kulle ta kan kamfani ɗaya ba.

An fi jan magana kan 2.4GHz da 5GHz, wato zango biyu na Wi-Fi da rauta ke bi ta aika intanet zuwa wayoyi. Na farko ya fi ratsa bango, yana kaiwa har zaure. Na biyu ya fi gudu, amma sai kana kusa. Mai duka biyun ta fi. Kuma 5GHz ba shi ne 5G na layin waya ba, ni kaina a da ina haɗa su.

Saboda ɗauke wuta, a sayi mai batir ko a jona ta da sola. A ɗora ta sama kusa da taga, a canza kalmar sirrin da ta zo da ita, kada yaran maƙwabta su cinye maka data.