Shawarwari kan buɗe shagon ludo da dara a Katsina

Da aka tattauna batun shagon ludo, dara, ces (chess, darar Turawa) da Scrabble (wasan haɗa kalmomi) a Katsina, zargin caca ne ya fi cin lokaci. Kusan kowa ya ce a hana sa kuɗi a wasa tun ranar farko, a rufe lokacin salla, a je a gaida mai unguwa kafin a buɗe. Ni ma nan na fi ba ƙarfi, don in sunan shago ya ɓaci, ba uban da zai bar ɗansa ya leƙa.

Sai jari. Kayan waje dala ke juya farashinsu, saboda haka a saro kaɗan daga Kano, a haɗa da kayan makaranta. Wasu sun ce a matsa kusa da ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, amma ciniki kan yi sanyi lokacin hutu.