Dan Allah me za mu kira frame size na keke da Hausa?

Mai fassara: Salamu alaikum jama'a, ina neman taimako cikin gaggawa. An ba ni fassarar wani ɗan bayani na masu sayen keken hawan dutse ta intanet kuma gobe ƙarfe 10 na safe zan miƙa, komai ya tafi daidai sai wannan frame size ɗin. Na fara sa "girman keke" sai na ga ai mutanenmu da sun ji haka lambar taya za su ɗauka, 26 ko 27.5 ko 29, alhali ana nufin awon ƙarfen jikin ne, daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa bakin bututun da sirdi ke shiga, inci 15, 17, 19, 21, wasu kamfanonin kuma S, M, L kawai suke rubutawa.

Mai gyaran keke: Wa alaikumus salam 'yata. Firam. Shekarata sama da 30 ina ɗaure keke tun zamanin Raleigh da Phoenix, ban taɓa jin wanda ya zo rumfata ya kira shi da wani suna ba. Ki sa "lambar firam" ki huta.

Mai fassara: Na gode Baba, sai dai lambar firam ba za a ɗauka lambar nan da ake bugawa a ƙarƙashin keke ba, wadda ake rubutawa a rasit?

Mai gyaran keke: Wannan kuma gaskiya ne. To awon firam.

Malamin Hausa: Ni fa abin nan yana min ciwo. Harshen da ya ishe mu gina ɗaki tun kaka da kakanni a ce ya rasa sunan ƙarfe uku da aka haɗa? Muna da TSAIKO, wato itatuwan da ake ɗaurewa a yi jinka kafin a baibaye da ciyawa, su ne ke ɗauke da komai kamar yadda ƙarfen nan ke ɗauke da sirdi da taya da kan keke. Awon tsaikon keke. Na jima ina koya wa ɗalibaina haka.

Ɗan tsere: Ranka ya daɗe Malam kalmar ta yi kyau wlh amma yau in ka ce tsaiko kowa jinkiri zai ji, "an samu tsaiko". Mai saye ta intanet ya ga tsaikon keke ai zai zaci kayan ne za su makara a hanya

Malamin Hausa: To laifin kalmar ne ko laifin waɗanda suka manta gida? Haka aka bari sitiyari da birki da madigadi suka cika mana baki.

Ɗan Maraɗi: Malam mu ma nan ba firam muke cewa ba, ta Faransanci muka aro, kuma da santimita muke awo ba inci ba. Kullum in za a tsayar da kalma sai a duba abin da Kano ke faɗi kawai kamar mu ba Hausa muke yi ba. Ni kwarangwal ɗin keke na fi so, kowa ya san shi daga Damagaram har Zariya.

Malamin Hausa: Kwarangwal na matacce ne ɗan'uwa, wa zai so a ce ya hau kwarangwal.

Ɗan Maraɗi: Tsaikon ma ai wanda bai taɓa kwana a ɗakin jinka ba bai san shi ba

Ɗan tsere: Ku tsaya dan Allah, Anti na da aiki gobe. Ni abin ya faru da ni shi ya sa na damu. Bara na yi wa ƙanina oda a wani shago, na ga 29 na ce babba ne zai daɗe yana hawa, ashe firam ɗin inci 21 ne shi kuma tsawonsa bai wuce santimita 165 ba. Muka sauke sirdi har ƙasa, ƙafa ta kai feda amma hannu sai ya miƙe kamar mai rarrafe kafin ya kamo birki, sati biyu ya fara kukan baya da wuya, in ya tsaya kuma ƙarfen sama na tokare shi. Da asara muka sayar. Duk kalmar da za ki sa Anti ki raba ta da lambar taya ƙarara, kuma ki gaya musu su tsaya a kan keken ƙafa biyu a ƙasa su ga akwai tazara tsakaninsu da ƙarfen sama, in ta intanet ne su auna tsawonsu da tsawon ƙafa daga ciki su gwada da jadawalin kamfanin, don M ɗin wannan ba lallai ya zama M ɗin wancan ba.

Mai fassara: Allah ya saka, wannan ya shiga. Ga abin da na rubuta: "awon firam, wato ƙarfen gangar jikin keke, ba lambar taya ba". Kuma zan sa santimita kusa da inci saboda 'yan'uwa na Nijar, inci 17 wajen santimita 43 ke nan.

Ɗan Maraɗi: Gangar jiki ta yi. Firam ɗin dai ban so ba amma na gode da santimitar.

Malamin Hausa: Tunda gobe ne ki miƙa haka. Amma ki sa tsaiko ko sau ɗaya ne a ciki, mutane su fara jin ta.

Mai fassara: Zan tambayi masu aikin Malam, in sun yarda.