Lambar Fermat ta biyar a ajin tarminal: mashin ko alli?

Mushe Sani, Tawa: Assalamu alaikum malamai. Ranar Asabar zan nuna ma ɗalibaina na tarminal C cewa 4294967297, wato 2 guda 32 a ninka su da juna (2×2×2…) a ƙara 1, tana rabuwa. Masanin lissafi Fermat ya ɗauka ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, kamar 3, 5, 17, 257 da 65537 (daga sifili ake ƙirga lambobin Fermat, shi ya sa wannan ce ta biyar). Jika goma ke hannuna. In sayi mashin ɗin lissafi ko in yi da alli?

Malam Abdu: Ka sa musu Excel a ordinatar, magana ta ƙare.

Mushe Sani: Malam, ajin ko wuta babu.

Madam Hadiza: Kar ka sayi mai gurbi 8 irin na masu shago, lambar gurbi 10 ce, E kawai zai nuna maka. Mai gurbi 10 jika uku ne a Yamai.

Malam Ilu: Jika uku? Wannan jabu ne, Madam, na ƙwarai bai kasa jika takwas ba. Wata makaranta ta sayi ashirin na jika uku, hasken rana suke so, ana shiga aji sai lambobi su dushe, maɓallin 7 ya maƙale cikin sati biyu. Mai kayan ya ce shi bai karɓar abin da ya fita shago. Kuɗin iyayen yara ne fa aka zuba a rijiya.

Alhaji Bube: Ai ɗan kasuwar Tawa ya fi mashin, da ka zai raba muku ita, ya cire ribarsa.

Malama Rabi: Mushe, alli ya ishe ka. Tushen lambar, wato lambar da in an ninka ta da kanta take ba da ita, ya ɗara 65536 kaɗan, in za ka gwada lambobi marasa rabuwa da ke ƙasa da shi, 6542 ne, babu mai yin wannan a aji. Euler a 1732 ya samo mai raba ta, kuma ya nuna cewa duk lambar da ke raba ta sai ta zama 64k+1, wato ninkin 64 a ƙara 1. Cikinsu marasa rabuwa: 193, 257, 449, 577, 641. Ta biyar ce ta faɗa: 641 × 6700417. Inda yara ke zamewa shi ne 321 da 513, suna ɗauka ba sa rabuwa, alhali 3 na raba su duka.

Malam Ilu: Malama, da girmamawa, ke a jami'a kike. Yaran lise sai sun taɓa mashin suke yarda.

Malama Rabi: Yaya Ilu, 641 = 5×128+1, kuma 641 = 625+16. Layi huɗu na kongiruwans, wato lissafin abin da ya saura bayan rabawa, kuma yana cikin darasinsu. Mashin ba ya gaya wa yaro dalili.

Madam Hadiza: In an kai darasin ke nan. Bara wa ya gama aritmetik kafin bak? Kullum ita ake turawa ƙarshen shekara, zafi ya zo, aji ya watse tun sha ɗaya.

Malam Abdu: Allon ma fentinsa ya goge, 7 da 1 ba sa bambanta daga bencin baya. Wa ya san kuɗin gwangwanin fentin allo yanzu?