Wa ke duba yarjejeniyar rangwame tsakanin gidan waya da manyan masu aika kaya waje?

Badukun Tawa:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni baduku ne a Tawa, sana'ar da na gada ke nan, kuma ƴan shekarun nan na fara aika jakunkuna da takalman fata ga masu saye a Faransa da Amurka. Kayan sukan bi motar fasinja zuwa Yamai, tafiyar wajen kilomita 550, daga can wani yarona ya kai su wurin masu aikawa. Watan jiya na je ofishin wani kamfanin aika kaya na nemi a rage mini kuɗin dako, tunda kusan kowane mako sai na aika. Suka ce rangwame sai da yarjejeniya a rubuce, sai na ɗauki alkawarin yawan kayan da zan aika a shekara, kuma ba ni da izinin faɗa wa kowa farashin da aka yanka mini. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya tsaya mini a rai, domin idan kowa ya ɓoye nasa, ta yaya zan san ba kuɗina ne ake cike giɓin rangwamen da aka yi wa babban ɗan kasuwa da shi ba? Ɗan yayata da ke aiki a Amurka ya ce gidan wayarsu na gwamnati ma yana ƙulla irin wannan yarjejeniya, amma akwai hukumar da ke karanta ta kafin ta fara aiki. Ina roƙon wanda ya san lamarin ya fayyace mini: me hukumar take dubawa, kuma mu a nan wa za mu tunkara?

Tsohon Ma'aikacin Waya:

Wa alaikumus salam. Malam, ɗan yayarka ya faɗa maka gaskiya, kuma tambayarka ta faɗa daidai kan abin da aka kafa hukumar saboda shi. Sunanta a taƙaice PRC, wato hukumar sa ido kan harkar gidan wayar Amurka, dokar gyaran harkar gidan waya ta 2006 ce ta kafa ta a madadin tsohuwar hukumar farashi da ta fara aiki tun 1970. Kwamishinoni 5 gare ta, shugaban ƙasa ke naɗa su da amincewar majalisar dattawa, kuma doka ta hana fiye da 3 daga cikinsu su fito daga jam'iyya ɗaya.

Dokar ta raba ayyukan gidan wayar Amurka, wato USPS, gida biyu. Akwai waɗanda kusan shi kaɗai ke yin su, kamar wasiƙar yau da kullum, akwai kuma waɗanda yake gasa a kansu da kamfanoni irin su FedEx da UPS da DHL, kamar aika ƙunshin kaya ƙasashen waje. Hatsarin a fili yake: wanda ke riƙe da kasuwar da ba shi da abokin gasa a cikinta yana iya tsawwala wa talaka mai wasiƙa, ya kwashi ribar ya karya farashi a ɗaya kasuwar har abokan gasarsa su durƙushe. Saboda haka idan USPS ya yi ciniki da wani kamfani kan farashi na musamman, misali irin yarjejeniyar da suke kira GEPS wadda ake yi da ƴan kasuwa masu aika kaya waje da yawa, dole ne ya miƙa ta ga hukumar aƙalla kwana 15 kafin ta fara aiki, tare da lissafin abin da aikin zai ci da abin da zai kawo. Abin da hukumar ke nema shi ne ta tabbatar kuɗin da ɗan kasuwar zai biya ya rufe abin da aka kashe wajen yi masa aikin, ba a ɗebo daga ɓangaren wasiƙu an tallafa masa ba, sannan ayyukan gasa gaba ɗayansu suna ba da kasonsu na kuɗin tafiyar da ma'aikata.

Game da sirrin da ya dame ka, can ma farashin da sunan ɗan kasuwar a rufe ake miƙa su, abin da jama'a ke gani a shafin hukumar na intanet kwafi ne da aka shafe waɗannan wurare. Bambancin shi ne an ɓoye wa abokan gasa, ba a ɓoye wa mai sa ido ba. Hukumar kan naɗa wani jami'i da zai tsaya a madadin jama'a ya karanta takardun ya ba da ra'ayinsa, tana ba da ƴan kwanaki ga duk mai magana ya rubuto, kuma kowace shekara tana komawa kan lissafin ta ga ko yarjejeniyoyin sun riƙe kansu kamar yadda aka yi alkawari. A ganina wannan komawar ta shekara ta fi amincewar farko nauyi, domin lissafin farko hasashe ne, na ƙarshen shekara kuwa abin da ya faru ne.

A nan Nijar hukumar ARCEP, wadda aka kafa a 2018 a madadin ARTP, ita ce ke sa ido kan harkar sadarwa da ta gidan waya, har da kamfanonin aika saƙo masu zaman kansu. Can za ka kai kokenka, kuma ka kai shi a rubuce.

Hajiya Mai Fiton Kaya:

Baba, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya gamsar, amma ina so in ƙara wani abu don kada Malam ya ɗauka cewa irin wannan dubawa za ta kare shi daga sharaɗi mai cutarwa. Hukumar Amurka tana tambaya ne ko farashin ya yi ƙasa fiye da kima, ba ta zauna don ta taya ɗan kasuwa ciniki ba, kuma ikonta a kan USPS yake, bai kai ga yarjejeniyar da kamfani mai zaman kansa ya ƙulla da abokin cinikinsa ba. Wanda zai karanta takardarka domin amfaninka kai ne, ko wanda ka ɗauka ya karanta maka.

Na daɗe ina harkar fitar da kaya daga duwan, wato kwastan, a nan Yamai, kuma abin da na fi ganin yana kayar da mutanenmu ba farashin kilo ba ne. Na farko shi ne awon girman kwali. Manyan kamfanonin jirgi sukan ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita su raba da 5000, sannan su caje ka da wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli. Kwali mai 50 da 40 da 30 ya zama kilo 12 ke nan, ko da jakunkunan da ke ciki ba su wuce kilo 7 ba, kuma kayan dukanci sun fi kowane kaya faɗawa wannan tarko saboda suna cin wuri ba su da nauyi. Sai ƙarin kuɗin mai da kamfanin ke ɗorawa a kan kuɗin dako, wanda ke hawa da sauka kuma sau da yawa rangwamen ba ya taɓa shi. Sai alkawarin yawan kaya: ka tambaye su a rubuce me zai biyo baya idan kasuwa ta ja baya ba ka cika adadin ba, shin farashin ne zai koma na kowa da kowa daga ranar, ko za su bi ka bashin rangwamen da ka riga ka ci.

Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne gare ka da kake da masu saye a Amurka. Daga 29 ga Agusta 2025 Amurka ta soke sassaucin da ke barin kayan da ba su wuce dala 800 ba su shiga ba tare da haraji ba, har gidajen waya na ƙasashe da dama suka dakatar da aika ƙunshi can na wani lokaci. Wanda ya ɗaure kansa da adadi kafin wannan rana, ba tare da sharaɗin fita ba, shi ya san abin da ya gani.

Tsohon Ma'aikacin Waya:

Hajiya, na karɓi gyaranki, haka abin yake. Sai dai ina nan kan cewa ƙaramin ɗan kasuwa yana amfana da sa idon ko da ba sunansa ke kan takardar ba, domin shi ne ke biyan farashin teburi, wato na kowa da kowa wanda babu rangwame, kuma farashin teburi ne ake ɗora wa nauyi duk lokacin da aka yi rangwamen da bai rufe kuɗin aikinsa ba.

Akwai kuma wani kuɗi da Malam ba ya gani a rasit amma yana cikin farashin. Idan ƙunshi ya bar ƙasa ta hannun gidan waya, gidan wayar ƙasar da ya sauka ne ke kai shi ƙofar mai shi, kuma ana biyansa ladan wannan aiki bisa ƙa'idar ƙungiyar gidajen waya ta duniya, UPU, wadda aka kafa a birnin Bern a 1874 kuma take da mambobi 192. Kan wannan ladan ne Amurka ta ba da sanarwar ficewa a Oktoban 2018, tana ƙorafin cewa ƙananan ƙunshi daga Sin suna shigo mata da arha fiye da abin da raba su ke ci, har aka yi taron gaggawa a Janeba a Satumban 2019 aka amince ta riƙa yanka nata farashin daga Yulin 2020. Duk rangwamen da gidan waya zai yi wa ɗan kasuwa ba zai iya saukar da farashi ƙasa da wannan ladan da kuɗin jirgi ba, sai in asara zai ɗauka, kuma shi ya sa mai sa ido ke neman lissafin dalla-dalla, ba jimilla kawai ba.

Badukun Tawa:

Baba da Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na auna kwalayen da nake amfani da su yanzun nan, na ga kusan rabin kowanne iska ce da takardar cikawa, don haka zan sa a yanko mini ƙanana kafin aikawar mako mai zuwa. Yarjejeniyar kuwa ba zan sa hannu ba sai sun rubuta mini abin da zai faru idan adadin bai cika ba, da kuma ko rangwamen ya shafi ƙarin kuɗin mai. Mu dukawa da maƙeran azurfa da ke aika kaya daga nan mun kai mu yi magana da baki ɗaya, zan kira su bayan sallar Juma'a mu ga ko za mu haɗa kayanmu a ƙarƙashin ƙungiya, mu nemi farashi daga gidan waya da kamfanoni biyu ko uku a lokaci guda, sannan mu rubuta wa ARCEP takarda kan sharaɗin ɓoye farashi. Hajiya, idan na shigo Yamai da kwafin yarjejeniyar, ina fatan za ki samu lokaci ki duba mini sashen da ya yi maganar diyya idan kaya sun ɓata ko sun lalace a hanya, domin shi ne aka rubuta da ƙananan haruffa.